Mama Simu da Mai Koriyar Tawada

Idan Priscilla Nakhumicha ta dawo daga wurin mahauci, ba naman take fara dubawa ba. Sai ta juye shi a kwano ta rufe saboda kyanwa, sannan ta shimfiɗa takardar da aka naɗo shi a kan tebur, ta bi ta da gefen hannu tana lallashi har ta miƙe. In ta ga gidajen nan farare da baƙaƙe, kamar na dara, to ranar miya za ta makara.

A Kitale ba kowa ya san sunanta na yanka ba. Mama Simu ake ce mata, wato uwar waya, domin a ɗakin haɗa waya na gidan waya ta ƙare ƙuruciyarta, tun lokacin da sai ka ɗaga kan waya ka jira wata murya ta tambaye ka lamba. Ita ce muryar. Ta san rabin garin da kunne, ba da ido ba. Takan wuce mutum a kasuwa ba ta gane shi ba, sai ya buɗe baki yana taya tumatir ta san gidan da ya fito.

A ɗakin nan ta koyi kacici-kacicin bayan jarida, a hannun shugabansu, wani dattijo Ba'indiye ɗan asalin Goa mai suna Mista Pinto. Da rana ta take, wayoyi suka yi shiru, sai ya ninka jaridar gida huɗu ya ajiye tsakaninsu. Da farko ta ɗauka wasan mahaukata ne. Tambaya za ta ce maka likita ya rasa kansa a cikin kogi, ka zauna kana jin tausayin likita. Mista Pinto ya ce mata babu likita, babu kogi, babu wanda ya nutse. Kalmar likita ce a Turance za ka cire mata harafin farko, ka cusa abin da ya rage a cikin sunan wani kogi, sai wata kalma ta fito wadda ba ta san likita ba, ba ta san ruwa ba. Wata tambayar haruffa ne aka hargitsa. Wata kuma amsar tana kwance a tsakanin kalmomi biyu, kamar ƙadangare a jikin bango. Wata sai ka karanta ta daga baya.

Abin da ya fi nanata mata shi ne, kowace tambaya hanya biyu gare ta. Ɗaya tana gaya maka ma'anar kalmar, ɗaya tana gina ta guntu-guntu. Mai haɗa tambayar zai ruɗe ka iya ƙarfinsa, amma ba zai yi maka ƙarya ba. Saboda haka ko amsa ta zo maka har bakin harshe, ba ka da ikon rubuta ta sai hanyoyin nan biyu sun haɗu a ƙofa ɗaya. Mama Simu ta riƙe wannan fiye da yadda shi kansa ya riƙe. Fensiri take amfani da shi, kuma magogin da ke gindinsa yakan tsufa ya bushe bai yi aiki ba.

Wannan zama bai ɗore ba. Akwai wata matar mai kanti, Misis Malde, wadda kowace safiya sai ta nemi a haɗa ta da garin Kisumu, kuma kowace safiya kamar gobara ce ta tashi. Ba ta gaisuwa. Za ta yi ta buga kan waya tana tambayar har yaushe za ta jira. Wata rana aka bar ta ta jira fiye da kima, ta kai ƙara cewa 'yan matan ɗakin waya jarida suke karantawa ba aiki ba. Aka kira Mama Simu ofis, aka yi mata faɗa a tsaye, aka hana shiga da jarida ɗakin. Ba ta taɓa cewa ƙarya aka yi mata ba, don ranar wata tambaya ce a kan sojan ruwa ta riƙe ta. Amma daga nan, duk sa'ad da fitilar lambar Misis Malde ta kama, takan yi numfashi ɗaya kafin ta amsa. Numfashin nan shi ne iyakar ramuwarta.

Shekaru suka tura. Wayoyi suka koyi haɗa kansu, aka sallami masu haɗawa. Mijinta Situma ya riga ta tafiya, 'ya'ya suka watse Nairobi da Mombasa. Fansho kuwa ba ya shiri da jaridar kullum. Nan Gathogo mahauci ya shigo rayuwarta. Shi yakan sayi tsofaffin jaridu a kan sikeli don naɗe nama, da ya lura da halinta sai ya riƙa ware mata shafin baya. In ta sayi nama ya naɗe mata a ciki, in ba ta saya ba ya miƙa mata haka nan, yana cewa ajiyarta ce ta tare masa wuri.

Shafukan ba a jere suke zuwa ba. Na watan jiya ya zo tare da na bara. Amsoshi kuma a jaridar washegari ake buga su, wadda wataƙila tuni ta tafi wani gida da ƙashin miya. Wannan bai dame ta ba. Takan ce in hanya biyu sun haɗu, ba a neman shaida.

A cikin waɗannan shafuka ta fara cin karo da koriyar tawada. Wani ne yake fara cike gidajen, ya yi kusan rabi, ya watsar. Rubutunsa a karkace, kamar mai rubutu yana tsaye zai fita. Da farko haushi ta ji, kamar an ba ta ragowar abinci. Daga baya ta soma karanta mutumin. Yana da kaifi, wannan babu musu. Tambayar da za ta ci mata rabin safiya, shi ya riga ya sare ta. Amma ba ya jira. Da ma'ana ta yi kama sai ya zuba tawada, in ta ƙi zama ya danne harafi a kan harafi har takarda ta huje. Sunayen annabawa da na littattafan coci suna kayar da shi. Kogunan Ingila da wasan ƙwallon kurket kuwa ya san su, amma wannan ba abin a zo a gani ba ne, duk mai wannan wasa a ƙasar nan ya san kogunan da bai taɓa wanke ƙafa a cikinsu ba. Inda ya yi fice shi ne kayan ƙarfe. Ƙusa, kwaɗo, bututu, kowane irin zarto da guduma, ba ya kuskurensu. Daga nan ta yanke cewa namiji ne, tsohon makaniki ko injiniyan jirgin ƙasa, dogo, mai saurin fushi da saurin hucewa.

Ta riƙa ƙarasa masa. Inda ya yi daidai ta gyaɗa kai, inda ya yi garaje ta rubuta gyara ƙanana a gefe da fensiri, tana yi masa faɗa a hankali kamar yana kujerar da ke kallonta. Kujerar Situma ce, kuma ta daɗe babu kowa a kai.

Gathogo bai bar wannan ya wuce shi ba. Da ya hango ta tafe sai ya ɗaga takardar sama yana kaɗawa.

"Mama Simu, saurayinki ya aiko da wasiƙa. Yau har biyu."

"Auna mini hanta, ɗana, ka kuma ɗauke babban yatsanka daga kan sikeli. Ba shi na zo saya ba."

Haka aka yi ta yi, damina da rani, har jikokinta suka shiga makaranta suka fara fita. Ba ta taɓa tunanin neman mutumin ba. Yana zuwa, ya ishe ta.

Sai wata shekara, wajen girbin masara, tawadar ta ɗauke. Shafuka suna zuwa fes, babu wanda ya taɓa su. Ta ce wataƙila ya yi tafiya. Aka gama girbi, manyan motoci suka kwashe buhuna, ruwan farko ya sauko daga dutsen Elgon, babu kore ko ɗigo. Tana cike gidajen ita kaɗai daga farko har ƙarshe, babu kuskuren kowa da za ta gyara, kuma abin mamaki sai wasan ya yi mata salam kamar tuwon ugali ba miya. Wata rana Gathogo ya ga ta karɓi ƙunshi ta jefa a kwando ba ta ko leƙa takardar ba. Bai yi mata wasa ba ranar.

Shi ne ya tambayi Etyang, mai bi gida-gida da keke yana sayen tsofaffin jaridu. Etyang ya ce ai ya san takardun, daga wani gida suke mai shuɗiyar ƙofa a layin bayan ɗakin ibadar Indiyawa. Bai san masu gidan ba, da mai aiki yake ciniki ta ƙofar baya. Ya dai ji an ce akwai mara lafiya a ciki.

Mama Simu ta yi kwanaki tana juya maganar. Ita dattijuwa ce a ƙungiyar matan coci, mijinta ya rasu, a ce an gan ta tana ƙwanƙwasa ƙofar wani namiji da ba ta san ko sunansa ba. Me za ta ce ta zo yi? Amma kalmar mara lafiya ta ƙi barin ta. A shekarunsu, ta san abin da jinkiri yake haifarwa. Idan mutumin nan ya tafi, zai tafi bai san akwai wadda ta yi shekaru tana bin sawunsa tana rufe ƙofofin da ya bari a buɗe ba, ita kuma ba ta ko ce masa sannu ba. Ta zaɓi shafi ɗaya da suka cike tare, wanda maiƙo bai ɓata sosai ba, ta sa a jaka, ta ɗaura ɗankwalinta na Lahadi a ranar Talata.

Wata matashiya ce ta buɗe, surukar gidan, Hina. Mama Simu ta fara kame-kamen bayani, ba ta kai ko'ina ba sai wata murya ta taso daga ciki, ta ɗan karye a gefe ɗaya amma ba ta rasa kaifinta ba, tana tambayar wane ne, kuma har yaushe za a bar ta tana jira.

Mama Simu ta yi numfashi ɗaya. Jikinta ne ya yi shi, ba ita ba.

Da ta juya a lokacin, babu mai ganin laifinta. Har ta gyara riƙon jakarta. Amma Hina ta riga ta matsa gefe, kuma daga bakin ƙofa ana hango falon. Wata 'yar tsohuwa ce ƙarama cikin farin sari, zanen matan Indiyawa, a kujera kusa da taga. Hannunta na dama yana kwance a cinyarta kamar na aro. A kan teburin gefenta ga jaridar ranar an ninka ta gida huɗu, gidajen duk a buɗe, ga alƙalami kore da murfinsa a rufe. Misis Malde ce, matar mai kantin kayan gini. Rabin rayuwarta ta yi a bayan teburin kanti tana sayar da ƙusa da kwaɗo. Mama Simu ta ji kunyar kanta kaɗan, irin ta wanda ya ga ma'ana ta yi kama ya rubuta amsa bai bi ɗaya hanyar ba.

Ta cire takalmi ta shiga, ta yi gaisuwa. Tsohuwar ta karkata kai tana saurare, ba kallo ba.

"Sake magana."

Mama Simu ta sake gaishe ta.

"Ce 'lamba nawa' in ji."

"Lamba nawa, Mama?"

"Ke ce. Mai barin mutane suna jira."

"Ni ce. Ke kuma mai kai ƙara."

Hina ta tsaya da tiren shayi tana kallon wannan tana kallon waccan. Mama Simu ta zauna ba a ce ta zauna ba, ta fito da shafin ta buɗe. Misis Malde ta daɗe tana duban korenta da baƙin fensirin da ya kewaye shi, da 'yan gyare-gyaren gefe. Ta tambaya wa ya ba wani izinin taɓa mata abu, kuma a ina aka samo shi. Mama Simu ta gaya mata gaskiya, cewa hanta aka naɗo mata a ciki.

Matar da tun da aka haife ta nama bai taɓa shiga bakinta ba, ko ƙwai ba a fasawa a gidanta, ta janye hannun hagunta daga takardar kamar ta taɓa garwashi. Ta kira sunan Ubangijinta. Ta tambaya ko duk shekarun nan haka ake yi da jaridunta, aka ce mata haka ne. Can sai kafaɗarta mai lafiya ta fara rawa, dariya ta ƙwace mata ta gefen baki ɗaya, har Hina ta ajiye tire ta zo tana share mata ido. Hina ta ce daga baya, tun ranar da ciwon shanyewar ɓarin jiki ya buge ta ba a ji wannan sautin a gidan ba.

Da ta lafa sai ta ce a ɗaga mata takardar daga nesa, kada a kawo kusa. Ta nuna wani gyara da haɓa, ta ce wannan nata ne ya fi daidai. Mama Simu ta bi mata hanya ta biyu guntu-guntu, har ta kai ƙofar. Misis Malde ta ce shayin yana hucewa.

Tun daga ranar Mama Simu ta zama hannunta. Kowace safiya in ban da Lahadi takan zo, ta tarar an ninka jarida, an ajiye shayi mai citta da ɗan abin taunawa. Ita ke karantawa, ita ke rubutawa. Kafin ta kai ƙarshen tambaya Misis Malde ta jefo amsa, ta ce a rubuta. Mama Simu ta ɗora fensiri a kan leɓe ta tambaye ta ta ina aka bi. Nan ake yin ta. Misis Malde ta ce gidaje sun yi daidai, ma'ana ta yi daidai, me kuma ake nema, takardar shaidar haihuwa? Mama Simu ta ce hannun nata ne, kuma hannunta ba ya rubuta jita-jita.

"Ke da za a ba ki aikin kashe gobara, sai kin tambayi wutar sunan ubanta."

"Ke kuma da kin zuba ruwan a gidan maƙwabci."

Sau da yawa amsar gaggawar takan fito daidai, Misis Malde ta yi ta cika baki har a kawo abincin rana. Wani lokaci kuma ta fito ba daidai ba, sai a ji tana tambayar Hina ko an shanya wanki. Ta ba da umarni cewa daga yanzu mai gyaɗa kaɗai za a riƙa sayar wa tsofaffin jaridu. Gathogo ya ce an ƙwace masa budurwa an kuma ƙwace masa takarda, amma bai daina ware shafin baya ba, ko da na wasu gidajen ne.

A cikin irin wannan zama ne maganar Kisumu ta fito. Mama Simu ta tambaye ta, ba tare da ta ɗago kai ba, wace irin gobara ce take tashi a Kisumu kowace safiya a wancan zamani. Misis Malde ta ce yayarta ce a can, Allah ya ji ƙanta, ita ce gwanar haruffan da aka hargitsa. In tambaya ta tsaya mata a wuya, ba ta iya buɗe kanti sai ta ji amsar.

Mama Simu ta ajiye fensiri. Ta tambaye ta ko ta tuna ranar ƙarar. Misis Malde ta ce ta tuna, wata tambaya ce a kan sojan ruwa.

Babu wadda ta ba wata haƙuri. Misis Malde dai ta tura mata farantin gaba ɗaya, ta ce ta ci, ta rame kamar fensirinta.

Sun samu damina biyu a haka, ko da ɗan ɗori. Misis Malde ta soma koyon riƙe alƙalami da hagu, tana yin haruffa manya masu rawa a gefen takarda, amma cikin gidajen ba ta shiga, ta ce wannan filin mai fensiri ne.

Ranar ƙarshe ba ta bambanta da sauran ba. Sun cike komai sai tambaya ɗaya ta tsaye, can ƙasa ta hannun dama, wadda a fuska take maganar wani matuƙin jirgin ruwa da ya dawo gida babu hula. Misis Malde ta faɗi amsa tun karatun farko. Haruffan da suka gitta duk sun yarda da ita. Mama Simu ma ta ce da wuya in ba ita ba ce, ta ga matuƙin, ta ga dawowarsa, amma ba ta ga inda hular ta shiga ba. Aka yi musun da aka saba. Mama Simu ta ɗiga ɗan ɗigo mara nauyi a kowane gida da ya rage, ta ce za ta tafi da ita a ka, gobe sa ƙarasa. Ta bar fensirin a kan jaridar, abin da ba ta saba yi ba.

Da safe shayi ya huce a kan tebur, Mama Simu ba ta zo ba. Wajen azahar Gathogo ya zo da kansa, ya tuɓe rigar aikinsa tun daga bakin layi, ya tsaya a waje bai yarda ya taka ƙofar ba. Ya ce maƙwabciya ce ta sami Mama Simu a kujera rai ya yi halinsa, ta yi shirin fita, ɗankwali a ɗaure, jaka a cinya.

Jaridar ranar tana ɗauke da amsoshin jiya, kamar kullum. Bayan kwana biyu Hina ta ce ko ta duba mata, a cike gurbin a huta. Misis Malde ta ce a ninke wannan jaridar a kai wa mai gyaɗa, kada wanda ya buɗe ta a gabanta.

Shafin yana nan a kan teburin gefen taga, fensirin a kansa. Hagun Misis Malde ta yi ƙwari yanzu, tana iya sa hannu a takarda, kuma amsar ba ta bar bakinta ba. In baƙo mai jin Turanci ya zo ya miƙa wuya zai taimaka, sai ta dafe takardar ta tambaye shi labarin gida. Da hantsi, in rana ta faɗo a kan ɗige-ɗigen nan, akan ji tana maimaita tambayar a hankali, kalma bayan kalma, yadda ake karanta mata. Har yanzu ba ta ga inda hular ta shiga ba.